Kayan ratayewa bakwai a falo ɗaya: wanne zan bari, wanne zan sauke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da tarewata a wani gidan haya a Gusau. Cikin gudunmawar biki na samu firam ɗin Ayatul Kursiyyu, da hoton Ka'aba, da na furanni guda biyu, da hotunan bikinmu biyu, da agogon bango. Maigidana ya kafa su duka a falo, can sama kusa da silin. Duk sanda na shiga sai in ji ɗakin ya cushe, amma na kasa gane inda matsalar take. Mai gidan hayar kuma ba ya son a yi ta huda masa bango. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, amarya. Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Idonki bai yi miki ƙarya ba. Abu biyu ne suka haɗu: kayan sun yi yawa, kuma sun yi sama.

Wannan cika bango mun gaje shi ne daga jere. Wanda ya taɓa shiga ɗakin kakarsa ya ga langa da tasoshi da samira an ɗora su tun daga ƙasa har rufi, ya san kyan da ke cikin yawa. Amma ki tuna yadda jeren yake: kaya iri ɗaya, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane sahu ya miƙe sak. Tsarin ne yake ba shi kwarjini. Naki kuwa bakwai ne da ba su haɗa launi ba, ba su haɗa girma ba, kowanne yana kiran ido shi kaɗai.

Don haka ki sauke su gaba ɗaya, ki bar bangon haka nan kwana biyu. Sannan ki tsaya a bakin ƙofa ki duba bangon da ido ke fara sauka a kai. Shi za ki ba abu ɗaya babba, kuma a cikin kayanki Ayatul Kursiyyu ce ta cancanci wurin. Sai dai ki fara ba wani mai karatu ya bi ta harafi bayan harafi, domin na sha cin karo da na kasuwa da aka yar da wasali ko aka cakuɗa rubutun don neman ado. Aya ba fure ba ce. Kada ta hau saman talabijin, kada ta kusanci ƙofar banɗaki, kuma kada a bar ƙura ta rufe ta.

Yanzu batun tsawo, wanda nan ne kusan kowane gida ke kuskure. A gidajen nuna zane-zane, tsakiyar firam kan kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, wato daidai idon mutum a tsaye. Tsakiyar firam na ce, ba inda ƙusa take ba. Mu kuma da yawanmu a kan kafet muke zama mu ci abinci mu yi hira, saboda haka ko kin sauko da shi kaɗan bai ɓaci ba. In a saman kujera ne, ki bar taƙi ɗaya tsakanin kan kujerar da gindin firam ɗin, faɗinsa kuma ya kai kamar kashi biyu cikin uku na faɗin kujerar. Ƙaramin hoto a saman kujera mai cin mutum uku ɓacewa yake yi. A nan furanninki biyu za su yi amfani: ki jera su kusa da juna, tazarar yatsa uku ko huɗu, su zama kamar abu ɗaya.

Agogo ya tafi inda mai zaune zai gan shi ba tare da ya waiwaya ba. Hoton Ka'aba ya koma ɗakin maigida ko inda babu komai a bango. Hotunan biki kuwa uwarɗaka ce wurinsu, ba gaban kowane baƙo ba. Malamai sun yi saɓani kan rataye hoton mai rai, don haka ku tambayi malamin da kuka amince da shi. Ko da kun rataye, kada ya zama a gabanku lokacin salla.

Tun da mai gidan haya ya yi magana, kada ki ɗauki guduma sai kin gwada. Ki yanki tsohuwar jarida daidai girman kowane firam, ki manna da salatif, ki zauna, ki tashi, ki duba da safe, ki duba da dare in an kunna ƙwai. In ranki ya kwanta, sai a buga ƙusar kankare, bayan an manna ɗan salatif a wurin don kada filasta ta ɓare. A guji layin da ya miƙe daga soket ko makunni zuwa sama, nan wayar wuta ke bi. Maratayai masu gam ɗin nan da ake mannawa ba na yarda da su ga abu mai gilashi. Zafin Afrilu na iya sakin gam ɗin, firam ya faɗo a kan yaro.

Ki kula da bangon da rana ke duka ta taga, yana koɗar da launi. Bangon da ke tsotsar danshi da damina kuma yana sa takarda ta yi funfuna ta baya. Da hunturu ki riƙa sauke su kina gogewa da busasshen tsumma, gaba da baya.

Akwai wani abu da nake so ki yi tunani a kai, don yana cikin raina ƙwarai. Bangon Bahaushe bai taɓa jiran kayan waje ba. Ki dubi zanen da ke fuskar fadar Sarkin Zazzau, ko tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, ko dagin nan da magina ke fitarwa a saman ƙofar zaure. Faifai uku masu launi da aka jera, ko ƙwarya mai sassaƙa daga kasuwar Kurmi, ko ƙyallen rinin Ƙofar Mata da kafinta ya ɗaura a kan katako, duk suna ba farin bango ɗumin da furen roba ba zai ba shi ba, kuma ba su da nauyin da zai ɓata filasta.

Na taɓa gyara wa wata baiwar Allah falo, muka rasa abin da za mu sa a babban bangonta. Can ta tuna da allon zayyanar saukarta, yana naɗe cikin zane a ƙasan akwati shekara da shekaru. Da ta warware shi, jan tawadar da ruwan ɗorawar suna nan raɗau, Fatiha a tsakiya, zayyana ta kewaye ta. Muka sa kafinta ya yi masa ɗan akwatin gilashi, muka kafa shi shi kaɗai. In ke ko maigida kuna da irinsa a gidan iyaye, ki aika a kawo miki shi kafin ki sayi wani sabon abu. Amma bango ɗaya ba zai ɗauke shi tare da Ayatul Kursiyyu ba, sai ki ba kowanne nasa.