Me ya sa tauraron ɗan'adam bai wadatar ba?

Malam, ka tambaya me ya sa ake kafa radar a gaɓar teku alhali taurarin ɗan'adam na auna tsayin ruwa. Matsalar lokaci ce. Tauraron Jason-3, alal misali, a shekarun baya sai bayan kusan kwana 10 yake sake bi ta kan wuri guda, alhali ruwan da guguwa ke turowa tudu cikin sa'o'i yake tasowa. A guguwar Katrina ta 2005 ya haura mita 8 a gaɓar jihar Misisipi ta Amurka. Ga shi kuma idan tauraron ya matso gaɓa, ƙasa kan dagula masa awo.

Ita radar gaɓa tana nan dare da rana, tana bin gudun ruwa har kusan kilomita 200 cikin teku. Tsayin ruwan kuwa, ma'aunan da ake girkewa a tashoshin jiragen ruwa ke bayar da shi.