Daren da mu uku muka kwanta a ɗakin gaggawa: guba ce ko tsoro?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Jihar Katsina, shekarata shida a ɗakin gaggawa. Makonni uku da suka wuce ina aikin dare, wajen ƙarfe ɗaya aka kawo mana wani matashi ya sha fiya-fiya. 'Yan uwansa sun ɗura masa manja a hanya, ya yi ta amai, rigarsa sharkaf. Ba wuta, fanka a tsaye, tagogi a rufe saboda sauro. Mu uku muka dukufa a kansa. Ba a yi minti arba'in ba kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi, idanuna na hawaye. Abokiyar aikina da ta tallafe kansa lokacin aman ita ta fi jin jiki, miyau ya riƙa zubo mata, jiri ya kwashe ta, sai da aka ƙara mata ruwa. Da gari ya waye wasu suka ce iska ce ta biyo yaron, babbar sista kuma ta ce tsoro ne kawai. Don Allah wanne ne gaskiya? Ana ɗaukar guba daga jikin majinyaci?

Sista H., Jihar Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannunku da aiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya saka muku da alheri.

Eh, ana ɗauka. Fiya-fiya da Sniper duk sinadari ɗaya ne a cikinsu, wanda za ki ga an rubuta DDVP a jikin kwalba. Yana shiga ta baki, yana shiga ta hanci, yana kuma ratsa fata. Idan ya shiga, sai ya daƙile wani sinadari mai suna kolinestares, wanda aikinsa kashe saƙon jijiya bayan ya isar. Jiki ya koma kamar famfon da aka buɗe aka cire makunnin: miyau, hawaye, gumi, majina a ƙirji, amai da zawo, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Abokiyar aikinki da aman ya jiƙe wa hannu, miyau kuma ya ɓalle mata, alamarta ta yi kama da wadda gubar ta taɓa. Ke kuwa, ciwon kai da tashin zuciya da hawaye sun fi kama da aikin tururin man da ake narka maganin a ciki, mai warin kananzir, a ɗakin da iska ba ta wucewa. Masana guba sun daɗe da lura cewa wannan ne ya fi samun ma'aikata, kuma yakan wuce idan mutum ya fita ya sha iska. Na taɓa wanke cikin wani manomi da ya sha irin wannan magani, har washegari da na ɗaga loma warin na nan a yatsuna, alhali da safar hannu na yi aikin.

Tambayarki ta tuna mini da wani dare a Amurka da har yau likitoci ke muhawara a kansa. Ranar 19 ga Fabrairu, 1994, aka kai wata mata 'yar shekara 31 mai fama da sankarar bakin mahaifa babban asibitin Riverside a Jihar Kalifoniya, numfashinta na sama-sama, zuciyarta na gudu. Da aka cire mata riga don a sa mata na'urar farfaɗo da zuciya, sai aka ga fatarta na sheƙi kamar an shafa mai, bakinta na warin tafarnuwa. Nas ɗin da ta ɗebi jininta ta ji sirinjin na wari mai hawa kai, aka kuma hangi wasu 'yan ɓurɓushi na yawo a cikin jinin. Nan take nas ɗin ta sume. Wata matashiyar likita ta bi bayanta, sai ta uku. Aka kwashe majinyata aka fitar da su filin ajiye motoci. Matar ta rasu kafin ƙarfe tara na daren. Ma'aikata 23 suka ji alamu, biyar aka kwantar, likitar nan kuwa ta yi mako biyu a ɗakin kulawa ta musamman, daga baya ƙashin gwiwoyinta ya lalace.

Hukumar lafiya ta jihar ta bincika ta ce ruɗewar taro ce, wato tsoro ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Hujjarta ita ce ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauko matar ba abin da ya same su, gwajin jinin waɗanda suka faɗi kuma bai nuna guba ba. Maganar babbar sistarku ke nan, sak. Sai masana na cibiyar bincike ta Lawrence Livermore suka kawo wani bayani. Sun tarar da sinadarin daimetil salfon da yawa a jikin matar. Suka ce mai yiwuwa ta riƙa shafa DMSO, wani man da mutane ke shafawa don raɗaɗi, mai warin tafarnuwa. Iskar oksijin da aka ba ta ta mayar da shi salfon ɗin, wani ɓangare kuma ya rikiɗe ya zama daimetil salfet, guba mai tsanani da ke tashi a iska. Danginta sun musanta cewa tana amfani da man, masana haɗa sinadarai da yawa kuma sun ce matakin ƙarshen nan da wuya ya faru a jikin ɗan Adam.

Ni abin da ke ci mini rai a labarin nan shi ne saurin da aka yi wajen ce wa ma'aikatan tsoro ne. Ruɗewar taro gaskiya ce, tana faruwa a makarantun kwana da ma'aikatu, kuma wanda ta kama ba ƙarya yake ba, da gaske yake suma. Amma hukunci ne da ake yankewa bayan an duba komai an rasa. Tsoro ba ya cinye ƙashin gwiwa.

Inda babu gardama shi ne Tokyo. Ranar 20 ga Maris, 1995, da aka saki gubar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa, asibitin St. Luke's ya karɓi mutane sama da 600 a rana guda, mafi yawansu da kayan jikinsu suka shigo. Kusan kashi 23 cikin ɗari na ma'aikatan da aka tambaya daga baya sun ji alamun gubar, kuma abin ya fi tsanani a ɗakin ibadar asibitin da aka cika da majinyata, inda iska ba ta zagayawa. Sarin da fiya-fiya dangi ɗaya ne, ƙarfi ne ya bambanta. Rufaffen ɗakinku na daren nan shi ne ɗakin ibadar can.

Masu cewa iska ce, ki gaya musu cikin ladabi cewa ga kwalbar da yaron ya sha, ga warin da kowa ya ji. Mu yi addu'a, mu kuma buɗe taga.

Idan aka sake kawo irin wannan, kafin ya shiga ɗaki a tuɓe masa kaya a ƙulle su cikin leda biyu a ajiye waje, a wanke shi da ruwa da sabulu har gashin kai da ƙarƙashin farce. Ku sa safar hannu biyu, ta naitiril in akwai, da rigar leda a gaba. Takunkumin tiyata yana tare fallatsi ne kawai, tururi na ratsa shi. A ɗauke aman nan da nan, a kuma riƙa canjin hannu, kada mutum ɗaya ya daɗe a kansa. Duk ma'aikacin da ya fara miyau ko ƙwayar idonsa ta tsuke, ya zama majinyaci: a wanke shi, likita ya duba shi, don yana iya buƙatar atirofin, allurar da ke karya aikin wannan guba, a kuma ɗebi jininsa a daren don gwajin kolinestares inda ake yi. Ku ninka hattara da wanda ya haɗiye ƙwayar adana hatsi irin Phostoxin, domin amansa na fitar da iskar fosfin mai kisa. Ku riƙa faɗa wa dangi su daina ɗura manja da madara. Aman da suke jawowa kan faɗa huhu.

Wata rana kuma ba daga majinyaci abin yake ba. Idan ma'aikata suka kwanta tare ba dalili, a duba janaretan da ke bayan taga, a tambayi masu shara ko sun haɗa bilic da ruwan wanke masai a bokiti guda, domin haɗin na fitar da iska mai guba.

Ki rubuta abin da ya faru a littafin rahoto tun kina tune: lokaci, inda kowa ya tsaya, wanda ya taɓa aman, alamun kowa. Abokiyar aikinki ta je likita ya sake duba ta idan tana jin kasala ko raunin gaɓoɓi. Shi kuma yaron, ba ki faɗa mini yadda ya ƙare ba. Idan Allah ya tashi kafaɗunsa, don Allah ki bibiya a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, a kuma roƙi iyayensa su kawar da sauran kwalaben daga gidan.