Tsakanin jaki da giwa, wanne ne namu?

Salam ƙanina, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina. Barka da samun gurbin karatu a Texas ta Amurka, Allah ya sa a fara a sa'a. Ka ce kana ta jin Dimokurat da Rifablikan, masu sassauci da masu ra'ayin riƙau, wai wanne ne namu mu Musulmi baƙi don ka san inda za ka karkata. To gaskiya babu namu gaba ɗaya, kowanne rabinka zai ɗauka ya bar maka rabi.

Farko ka cire lissafin gida, inda mutum zai kwana PDP ya tashi APC ba wanda zai ce masa kanzil. Nan jam'iyya aƙida ce, sai dai ka kwatanta da zamanin NEPU da NPC da kakanninmu ke ba da labari, har aure ana fasawa a kai.

Rifablikan su ne masu giwa, launinsu ja. Maganarsu gwamnati ta cire hannu daga aljihun mutane, a rage haraji, kowa tashi ta fisshe shi, a bar mutum da bindigarsa, a hana zubar da ciki, a tsare iyaka. Texas tasu ce, jihar ba ta cire harajin albashi, kuma tun 2021 mai shekara 21 zuwa sama zai iya yawo da ƙaramar bindiga ba lasisi, jami'o'in gwamnati ma tun 2016 mai lasisi yana shiga da ita a ɓoye, kar ka ji gabanka ya faɗi in ka ga sanarwa a ƙofar gini. Akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare a nan Houston, ɗan coci ne na gaske, ran nan ya gan ni ina sallar la'asar a gefen mota sai ya tsaya ya jira na idar, muka shiga hirar tarbiyyar yara da aure da yadda yaran yanzu ba sa ganin girman manya, wallahi kamar da liman nake magana, har ya ce min ai kai namu ne. Amma jar hular Trump ce a kan kujerar motarsa, kuma Trump ɗin ne ya sa Najeriya cikin takunkumin biza a 2020 har sai da Biden ya cire a 2021. Ka ga rabin da nake faɗa maka.

Dimokurat masu jaki, launi shuɗi. Su kuma cewa suke gwamnati ta taimaki mai ƙaramin ƙarfi, a ƙara wa attajirai haraji, inshorar lafiyar nan ta Obama ta 2010 tasu ce, kuma sun fi sakin fuska ga baƙi da tsiraru. Keith Ellison, Musulmin farko da aka zaɓa majalisar tarayya a 2006, nasu ne, haka Ilhan Omar da Rashida Tlaib a 2018. Sai dai su ne kuma masu kare auren jinsi da 'yancin zubar da ciki, nan ne namu suke yin turus. A Hamtramck ta Michigan kansilolin duk Musulmi ne, masu sassauci suka yi ta murna da hawansu, da 2023 ta zo suka hana kafa tutar 'yan luwaɗi a filayen hukuma sai ga zumunci ya tsinke. A 2024 kuma saboda fushin Gaza Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn, garin Larabawa.

Kuma kowane gida da rikicinsa. Cikin masu jaki akwai su Bernie Sanders, shi ma ɗan indifenda ne yana dai tafiya da su, masu son magani da jami'a kyauta, suna ganin su Biden 'yan lallaɓa ne. Ɓangaren giwa akwai masu goyon bayan 'yan kasuwa na da irin Shugaba Reagan, wanda a 1986 ya sa hannu aka halasta zaman baƙi kusan miliyan 3, ga kuma mutanen Trump masu korar baƙi da lafta kuɗin fito. Sai 'yan Libatariya, su ba ruwansu, kar a taɓa kuɗinka kar a leƙa ɗakinka, amma ƙuri'arsu ba ta kai ko'ina. Abin dariya ma Shugaba Lincoln da ya 'yanta bayi ɗan giwa ne, bayan Shugaba Johnson na Dimokurat ya sa hannu a dokar daidaita haƙƙi ta 1964 ne Turawan kudu suka yi ta sulalewa daga Dimokurat.

Yanzu abin da ya shafe ka kai tsaye. Da bizar ɗalibi ba ka da ƙuri'a. Ranar da ka je neman lasisin tuƙi za ka ga tambaya a fom ko kana son rajistar zaɓe, ka ce a'a, kuskuren nan kaɗai ya isa a tasa ƙeyarka gida. Ofishin jakadanci kuma yanzu suna duba Facebook da X ɗin masu neman bizar karatu, kuma a 2025 an soke bizar ɗalibai da dama kan zanga-zangar Gaza, don haka ka bi shafukanka ka ga me ka taɓa rubutawa kafin ranar intabiyu. In malami ya tayar da zancen bindiga ko zubar da ciki a aji ka fara saurare tukuna, Houston da Austin shuɗi suke zaɓa amma awa ɗaya a mota ka fita gari duk ja ne.

Ka turo min ranar tashinka in zo tarbarka. Kar ka ɗauko kilishi, kwastan ƙwacewa suke, yaji da kuka dai ka cika min jaka kuma ka rubuta su a fom. Ka gaida su Hajiya.