Fedal ɗin Gitar Lantarki: Tambayoyinku da Amsoshinsu

TAMBAYA: Malam, na sayi gitar lantarki ta hannu tare da ƙananan akwatuna uku da ake takawa da ƙafa, amma mai sayarwa bai yi mini bayanin aikinsu ba. Mene ne bambancinsu? (Daga Mabera)

AMSA: Wato ka biya kuɗin abu uku ba ka tambayi aikin ko ɗaya ba, lalle mai kayan ya yi dace da ciniki. Ana kiransu fedal, suna zama tsakanin gita da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, kowanne yana sauya sautin kafin ya isa lasifika. Na distoshin yana ƙara wa sautin ƙarfi har ya wuce iyaka ya tsage, sai ya fito da kaushi da dogon amo kamar kukan goge. Fitaccensu shi ne Boss DS-1 mai ruwan lemo, wanda ya fito a 1978, shi kuwa koren Tube Screamer na Ibanez ya fi shi laushi. Na dile amsa-kuwwa yake yi, yana maimaita abin da ka kaɗa bayan ɗan lokaci, yayin da ribab ke sa ka ji kamar a cikin babban zaure marar kaya kake kiɗa. Idan ɗaya daga cikin naka yana lilo gaba da baya a ƙarƙashin ƙafa, sunansa wa-wa, kuma ba zaginka nake yi ba. Ka sa na kaushi kusa da gita, dile da ribab a ƙarshe.

TAMBAYA: Batirin fedal ɗina ya ƙare, sai na jona masa adaftar na'urar intanet ta gidanmu tunda bakinta ya shiga daidai. Na ji ƙauri, kuma tun daga nan bai sake kawo wuta ba. (Daga Runjin Sambo)

AMSA: Ƙanena, wannan magana ta "bakinta ya shiga daidai" ta kashe kayan lantarki a garin nan fiye da janareta, kuma na gaji da maimaita ta a kan kwamfuta da rediyo, yau ga ta a kan gita. Shigar baki ba ta nuna komai, domin masana'antu da yawa girman baki ɗaya suke amfani da shi alhali wutar da ke bi ta ciki ta sha bamban. Yawancin fedal bolt 9 suke ci, adaftar na'urar intanet kuwa galibi 12 take bayarwa. Wannan ma ƙaramin laifi ne a kan na biyu. A fedal ɗin Boss da mafi yawan waɗanda suka bi tsarinsa, tsakiyar bakin ita ce ɓangaren ragi, gefen kuma tarawa, akasin yawancin adaftocin gida, saboda haka wuta ka ba shi mai yawa kuma a juye. Da ka juya fedal ɗin ka duba kusa da ramin, da ka ga ɗan zane mai ɗigo a tsakiya da layi ya tafi zuwa alamar ragi. Irin wannan zane yana bayan kowace adafta ta ƙwarai, amma mutanenmu sun fi yarda da "bari mu gwada" a kan karatun rubutu layi biyu.

Abin da mutane ke tsoro kuma, wato yawan miliyamfa (ma'aunin adadin wutar da adafta za ta iya bayarwa), ba shi da illa: adafta mai 500 ba za ta cutar da fedal mai buƙatar 20 ba, domin abin da yake so kawai yake ja. Ƙarancinsa ne ke sa fedal na dijital ya riƙa ɗaukewa. Ni dai ba na jona sabuwar adafta da komai sai na gwada ta da mitar awon wuta, sannan in manna mata takarda in rubuta na'urar da aka ware mata.

Ka kai shi wurin mai gyaran rediyo, ba mai gyaran waya ba, domin sau da yawa ɗan diyod ɗin kariya, wato ƙaramin ɓangaren da ke tare juyayyar wuta, shi ne kawai ya ƙone. Batirin ma ina zargin kai ka kashe shi, saboda muddin kebul yana soke a ramin shigarwa fedal yana shan batir ko da a kashe yake. Kada kuma ka bar batir a ciki lokacin bazara, sa'ad da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, domin zai iya yoyo ya cinye ƙarafan.

TAMBAYA: Zan iya amfani da manhajar waya a madadin fedal? Na gwada, amma sautin yana makara. (Daga Arkilla)

AMSA: Za ka iya, amma sai da ƙaramar na'urar sauti mai USB tsakanin gita da waya, kuma ka ajiye abin kunne na Bluetooth, shi ne babban mai jawo makarar. Idan kuma kwamfuta mai Windows za ka yi amfani da ita, ka sa direban ASIO, wato manhajar da ke haɗa ta da na'urar sauti, ka rage bafa, wato yawan sautin da take tarawa kafin ta fitar, zuwa 128.

TAMBAYA: Da na taka distoshin sai in ji gurnani ko ban taɓa tsirkiya ba. (Daga Illela)

AMSA: Gurnanin wutar gida ne mai bugu 50 a daƙiƙa, wanda maganaɗisun gitarka ke tsinta, fedal kuma ya kumbura shi. Ka matsa daga kusa da amfilifaya da caja, ka gwada da batir, in bai daina ba ka sauya kebul.