Na yi wa malamar jinya magana tana haɗa allurar ɗana, ta ɗaga mini hannu

TAMBAYA, daga wata uwa a Tahoua: An kwantar da ɗana mai shekara ɗaya da rabi saboda masassarar cizon sauro. Da dare na iske malamar jinya tana haɗa allura, na yi mata sannu da aiki, na tambaye ta ko in ba shi kunu. Ko kallona ba ta yi ba, hannu kawai ta ɗaga mini, sai da ta gama ta zo ta amsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko don ba mu da kowa ne?

AMSA: Ƴar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Ban ga fuskarta ba, kuma ba zan rantse cewa duk mai farar riga yana da fara'a ba. Amma na daɗe ina jinya a ɗakin yara, kuma hannun nan ni ma ina ɗaga shi. Bari ki ji abin da ke cikin kanta a lokacin.

Babba ana iya miƙa masa ƙwaya ɗaya a wuce. Yaro kuwa da kilonsa ake auna masa magani, kowane yaro da lissafinsa. Ɗauki allurar artesunate da ake yi wa mai masassara mai tsanani. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ne a kan kowane kilo. In ɗanki kilo 9 ne, miligiram 27 ke nan. Garin maganin yana zuwa cikin ƴar kwalba mai miligiram 60. Za ta fara narkar da shi da mililita 1 na ruwan da ya zo tare da shi, ta girgiza har ya washe, sannan ta ƙara wani ruwan: mililita 5 in ta jijiya za a yi, 2 in a tsoka ne. Haɗin biyu duk fari ne tas, ido ba ya bambanta ƙarfinsu. In aka ɗauke mata hankali ta zuba 2 tana zaton 5 ta zuba, ta ja mililita 3 kamar yadda lissafin haɗin jijiya ya nuna, to kwalbar gaba ɗaya ta ɗura wa yaro, ninkin abin da aka rubuta. Shi wannan maganin ma yana da sauƙin kai. Akwai irin su gentamisin, wanda in ya yi yawa yake taɓa ƙoda da ji.

Ya taɓa faruwa da ni, wani dare cikin damina, lokacin da yara bibbiyu ke kan gado ɗaya. Ina tsakar haɗawa aka kira ni a waya daga ɗakin gwajin jini. Minti ɗaya ban yi ba. Na dawo na tsaya ina kallon kwalba biyu da sirinji a kan faranti, na kasa tuna wadda na fara ja da kuma ta wane yaro ce. Zubarwa na yi na sake sabo, alhali maganin ma lallaɓa shi muke yi. Tun daga ranar, in ina lissafi, sai dai a yi haƙuri da ni.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. A shekarar 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci biyu na Ostareliya, inda aka bi ma'aikatan jinya 98 ana kallon yadda suke ba da magani sama da sau 4,000. An ga duk katsewa ɗaya tana ƙara yiwuwar kuskure da kusan kashi 12 cikin 100. Wasu asibitocin can har riga suka ɗinka mai rubutun kada a yi wa mai ita magana. Rigar ta ɗan rage katsewar, ba ta kawar da ita ba, masu sanyawa kuma suka yi kukan zafi. To ina ga zafin Tahoua a watan Afrilu?

Gaskiya kuma, iyaye ba ku ne kan gaba wajen katse mu ba. Mu ne da kanmu: abokiyar aiki tana neman makullin kabad, likita yana son takardar wani yaro, salula tana ruri a aljihu, auduga ta ƙare sai an je wani ɗaki, wuta ta ɗauke ana haska fitilar waya. Tun da aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar a 2006, iyaye sun ƙara kawo yara, abu mai kyau, amma daga Agusta zuwa Oktoba mutum ɗaya kan tsinci kansa da ɗaki guda shi kaɗai. Ga ƴan dubiya, kowa sai an gaisa da shi har a tambayi mutan gida. Laifinmu a nan shi ne ba mu gaya wa uwa tun ranar kwanciya cewa in ta ga sirinji a hannu ta ɗan dakata. Da an gaya miki, da ba ki kwana da ɓacin rai ba.

Sai dai kada wannan ya rufe miki baki. In yaro ya fara jijjiga, ko numfashinsa ya canza, ko ya ƙi farkawa, ko wurin ƙarin ruwa ya kumbura, ɗaga murya, ko me take riƙe da shi. Haka in kin ji an kira sunan da ba nasa ba, ko an zo da allura alhali yanzu aka yi masa, ko an taɓa ba shi wani magani jikinsa ya yi ƙuraje. Sau da yawa uwa ce ke tare kuskure kafin ya kai ga yaro, musamman a ɗakin da za ki iske Abdullahi uku.

Maganar kunu kuwa, kin yi daidai da kika tambaya. Yaron da masassara ta sa yake magagi, in aka ɗura masa abu yana iya shaƙewa ya wuce masa huhu. In ya farka sarai yana kallonki yana haɗiya, ki zaunar da shi ki ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, nono kuma kada ki tsayar.