Ga mai tambaya kan shirin shiga aikin fassara

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka kusa kammala karatun fassara, kana so ka san abin da ake nema wurin mutum idan ya shiga aikin gadan-gadan, ban da jin harsuna biyu. Na ɗan jima ina cin abinci da wannan sana'a, bari in faɗa maka abin da na gani.

Abin da ya fi kayar da sababbin shiga shi ne harshensu na gado. Kowa sai ya zuba ƙarfinsa kan harshen da zai fassaro, ya ce nasa ai a nono ya sha. Alhali iya magana daban, iya rubutu daban. Mai karatu bai taɓa ganin asalin takardar ba, rubutunka kaɗai ke gabansa. Idan jimla ta fito a karkace, kai za a zarga. Don haka ka yawaita karatu a harshenka, ka ƙware a ƙa'idojin rubutunsa. A Hausa, lanƙwasa ɗaya ce ta raba ƙafa da kafa. Ni in na gama aiki nakan karanta shi a bayyane, duk inda harshena ya sarƙe, na san akwai gyara.

Sai sa ido a kan ƙananan abubuwa, musamman lambobi. A Faransanci 2,5 biyu da rabi ne, Ingilishi kuwa ɗigo yake sawa a wurin. Ka ƙaddara wannan a takardar bayanin magani. Ni kwanan wata ne ya taɓa kunyata ni. Wata yarjejeniya ce daga Amurka, an rubuta 03/04, na zuba 3 ga Afrilu hankalina kwance, ashe 4 ga Maris ake nufi, don su wata suke fara sawa. Allah ya taimake ni mai bita ta gano kafin a miƙa. Ran nan na fahimci dalilin da ma'aunin ISO 17100 na 2015, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta aikin fassara, ya wajabta wani mutum na biyu ya bi fassara yana gwada ta da asali. Daga nan kuma na daina hura hanci idan an dawo min da aiki cike da jan biro.

Manhajojin da ke taimaka wa mai fassara ba sa ɗaukar lokaci wajen koyo. Trados da memoQ ne aka fi nema, OmegaT kuma kyauta ce, ka fara da ita ka gane yadda ake adana jimlolin da aka riga aka fassara da jerin kalmomin fannu. Za a kuma riƙa ba ka fassarar inji ka gyara. Ka yi hattara da ita, jimla kan fito sumul alhali ta haɗiye kalmar korewa, hani ya koma umarni.

Batun hali kuwa, amana ce kan gaba. Takardun asibiti da na kotu za su ratsa hannunka, ko abokinka na kusa bai kamata ya ji ba, kuma kada ka watsa su a manhajar fassara ta intanet ba da izini ba. Ka iya tambaya: tara wuraren da suka shige maka duhu, ka aika a saƙo ɗaya tun da sauran lokaci, kada ka bari sai daren miƙawa. Ka kuma san ƙarfinka. Ni in aikin na shari'a ne, da ƙyar nake wuce kalma 2,000 a yini, wanda ya zo min da 10,000 yana so gobe, nakan ba shi haƙuri. Fannin da ban sani ba ma haka. Ka zaɓi ɗaya ko biyu, lafiya ko shari'a ko noma, ka fara tara kalmominsu tun yanzu kana ɗalibi.