Daga kwamfuta zuwa lasifika: tambayoyinku a kan sawun kad na USB

Tambaya daga wani mai sa kiɗa a bukukuwa, Gusau: Laftof nake haɗawa da amfilifaya ta ramin iyafis. Da na jona caja, musamman in a kan janareta muke, sai lasifika ta kama gurnani har iyayen biki su fara hararata. An ce in sayi sawun kad na USB. Zai yi maganin abin?

Ɗan'uwa, kafin ka zaro ko sisi, yi wannan gwajin. Kunna komai yadda ka saba, ka tsayar da kiɗan, ka ƙara murya, sannan ka zare cajar laftof ɗin. Idan gurnanin ya ɗauke nan take, to ba sawun kad ɗin cikin kwamfutarka ne mai laifi ba.

Waƙar da ke cikin kwamfuta lambobi ce zalla, sai wani ɗan ƙaramin sashe, wato sawun kad, ya mayar da ita wutar da ke iya kaɗa lasifika. A cikin laftof wannan sashen yana matse ne kusa da fanka da sauran kayan da ke jan wuta, shi ya sa yake kwaso shuuu, ko wani tsit-tsit da kake ji in ka motsa linzami. Na USB yana fitar da aikin waje, nesa da wannan hayaniyar, kuma irin wannan ƙarar yakan rage ta sosai. Amma gurnani mai kauri da ke zuwa tare da caja daban ne. Yana tasowa ne idan kwamfuta da amfilifaya kowacce ta sami hanyarta ta atin, wato wayar kariya da ke bi ta ƙafa ta uku ta filogi zuwa ƙasa, sai wuta ta riƙa zagaye a tsakaninsu ta cikin kebul ɗin sauti. Wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, sautinta ne kake ji. Kebul na USB shi ma yana ɗauke da wayar atin, don haka gurnanin yana iya bin sabon akwatin ya iso lasifika, ka yi asarar kuɗi a banza.

Fara da jona laftof, miksa da amfilifaya a kan abin rarraba wuta guda ɗaya. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In ya ƙi, nemi ayisoleta, ɗan akwati mai taransifoma a ciki da ake sawa a tsakiyar kebul ɗin sauti. Yana barin kiɗa ya wuce, ya tare wutar da ke zagayen. Ina roƙonka kada ka karɓi shawarar masu cewa a karya ƙafa ta uku ta filogi. Gurnani zai iya tafiya, amma ƙafar nan ita ce ke kare mai riƙe da makirfo ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe, kuma a wurin biki yara ne ke ta shawagi kusa da kaya.

Duk da haka, ga mai sana'a irin taka ina goyon bayan sayen, don wani dalili na dabam. Ramin iyafis ba a yi shi don a riƙa cusawa a zare kullum cikin ƙura ba, ranar da ya saki kuwa a tsakiyar kamu zai saki. Sawun kad na USB irin Behringer UCA202 yana da ramukan RCA, ja da fari, masu kama kebul gam, daga USB yake shan wuta, ba ya kuma buƙatar a sa masa direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Sai dai ka sani, ramin iyafis ɗinsa abin da ke fita lasifika shi yake maimaitawa. In kana son jin waƙa ta gaba a kunnenka kafin jama'a su ji, ko dai ka nemi mai mafita huɗu, ko ka saita VirtualDJ, manhajar masu sa kiɗa, ya tura kiɗan taro ta USB, na kunnenka kuma ta ramin laftof.

Tambaya daga wata mai shagon ɗinki, Jega: Ramin iyafis na kwamfutata ya lalace, mai gyara ya ce sai an taɓa allon ciki. Na sayi ɗan ƙaramin na USB don in riƙa sa karatun Alƙur'ani a lasifikar shago, amma har yanzu ta cikin kwamfutar sauti yake fita. Ko jabu aka ba ni?

Hajiya, kin yi dabara da ba ki bari an buɗe allon ba, kuma da wuya a ce jabu ne. Kwamfutar ce ba a gaya mata inda za ta tura sauti ba. Danna alamar lasifika da ke ƙasa kusa da agogo, ki buɗe jerin na'urorin da ke wurin, ki zaɓi wadda sunanta ke ɗauke da USB. In da VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, kike saurare, rufe shi ki sake buɗewa. Yana kuma da nasa wurin zaɓen na'ura a ƙarƙashin Audio. Koren rami na lasifika ne, mai ruwan hoda na makirfo. Ki rage murya kafin ki kunna, domin wasunsu da cikakken ƙarfi suke tashi. In naki irin mai tsayawa ƙyam a jikin kwamfuta ne, sa masa gajeren kebul na ƙari, kada yadi ya ja shi ya ɓalla ramin USB ɗin ma.

Tambaya daga wani uba, Argungu: Yarona ya matsa in saya masa sawun kad na USB mai suna Focusrite Scarlett, wai yana kai 192, waƙa ta fi daɗi a kansa. Ya cancanci kuɗinsa?

Alhaji, tambayi yaron abu ɗaya: saurare zai yi ko ɗauka? Lambar da yake faɗa gaskiya ce, na'urar tana iya auna sauti sau 192,000 a daƙiƙa. Amma faifan CD sau 44,100 yake yi, kuma hakan ya riga ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, wanda iyakarsa sautin da ke kaɗawa wajen sau 20,000 a daƙiƙa ne. Waƙoƙin da samari ke tura wa juna ta Xender kuwa galibi MP3 ne da aka matse, abin da aka zubar wajen matsewar babu akwatin da zai dawo da shi. In saurare ne kawai, kuɗin ya fi amfani a kan lasifika ko iyafis mai kyau.

In kuwa yana son ɗaukar murya ne, waƙa ko karatu ko talla, to ba almubazzaranci ba ne. Na'urar tana da ramin makirfo mai ƙafa uku da ake kira XLR da wutar bolt 48 da makirfon situdiyo ke buƙata, abin da laftof ba ta da shi. Behringer UMC22 ma yana da su a farashi mai sauƙi, ya ishi mai koyo. Kowanne za ku saya, sabo ko na hannu, ku tafi shagon da laftof ɗin da iyafis, ku jona shi kai tsaye ba ta mararrabar USB mai arha ba, ku ji dama da hagu, ku murɗa kowane maɓalli ku tabbatar ba ya ƙarar ƙasa-ƙasa, sannan a ƙirga kuɗi.